Martani: Ba Flagyl Ya Kamata Uwa Ta Ajiye a Ɗaki Ba

Wani ɗan'uwa marubuci ya yi kira kwanan baya ga iyaye mata na cikin birnin Zariya da kowace ta tanadi Flagyl a ɗakinta kafin damina ta kankama. A ganinsa ciwon ciki da gudawa duk aikin ƙwayoyin cuta ne, Flagyl kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ga araha, ga shi a kowane kemis tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan. Ya ce shi da iyalinsa sun sha sun warke ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma likitocin da ke hana saye sai da takarda ba su san halin da talaka ke ciki ba. Niyyarsa mai kyau ce, ban yi shakkar wannan ba. Amma shawarar tasa tana ba ni tsoro, domin mai daɗin ji ce, irin wadda uwa za ta karɓa hannu bibbiyu, alhali gudawar da ta fi ɗauke mana yara ba ta cikin cututtukan da wannan magani ke taɓawa ko kaɗan.

Malam, inda aka fara kuskure shi ne ɗaukar ƙwayoyin cuta duka dangi ɗaya. Akwai bairas, wanda babu maganin kashe bakteriya da ke yi masa komai. Akwai bakteriya, su ma kashi-kashi ne: wasu ba sa rayuwa sai da iskar oksijin, wasu suna yi da ita suna yi babu ita, wasu kuwa iskar guba ce a gare su, sai a lungun da ba ta kaiwa suke yaɗuwa, kamar can cikin babban hanji, da ƙarƙashin dasashi, da ruɓaɓɓen rauni, da ƙurjin da ya tara mugunya. Sai kuma wasu 'yan halittu masu ƙwayar halitta guda ɗaya, sun fi bakteriya girma amma ba su kai tsutsa ba, ido ba ya ganinsu. Flagyl na bakteriya masu gudun iska ne, da wasu 'yan kaɗan daga cikin halittun nan waɗanda su ma ba da oksijin suke rayuwa ba. Iyakar gonarsa ke nan.

Dalilin wannan iyaka yana cikin yadda maganin ke aiki. Flagyl sunan kasuwa ne, ainihin maganin metronidazol ake ce masa. Yadda yake a cikin ƙwaya ko kwalba ba ya kashe komai. Sai ya ratsa cikin jikin ƙwayar cutar, ita da kanta ta sauya masa kama da irin sinadaran da take narka abincinta, sannan ya zama dafi ya yayyanke sinadarin gadonta, wato DNA, ta mutu. Masu gudun iska ne kaɗai ke da kayan aikin da ke yin wannan sauyi sosai, kuma inda oksijin take, tana mayar da maganin yadda yake tun kafin ya yi wata ɓarna. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marina zai gane maganar. Baba ba ya narkewa ya shiga zare sai a can cikin rijiyar rini inda ya kwana ya tsimu iska ba ta shiga. Da an tsamo tufa iska ta buge ta, sai ya koma asalinsa ya daskare shuɗi. Haka metronidazol yake, aikinsa na can inda babu iska.

Tarihinsa ma ya nuna haka. Kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa ne ya haɗa shi, ya fito kasuwa a 1960, kuma ba don ciwon ciki aka yi shi ba. An yi shi ne don wata cutar al'aura da ake kira tirikomonas. A 1962 wani likitan haƙori a Ingila mai suna Shinn ya ba da rahoto a mujallar Lancet cewa wata mata da ake yi wa maganin tirikomonas ta warke daga gyambon dasashi a lokaci guda, daga nan aka farga cewa yana kashe bakteriya masu gudun iska. A 1966 Powell da abokan aikinsa a birnin Durban na Afirka ta Kudu suka nuna yana warkar da atinin amiba da ƙurjin da take yi a hanta. Cikin shekarun 1970 ya zama abin dogaron likitocin tiyata a kan bakteriyar hanji mai suna Bacteroides fragilis. Fiye da shekara sittin ke nan ana gwada shi a kan cututtuka iri-iri a duniya. Da yana maganin gudawar yara ta yau da kullum, da tuni an sani.

Bari in ba maganin haƙƙinsa, domin ban zo kushe shi ba. Cikin 'yan halittun nan, uku ne ya fi shahara a kansu. Ta farko amiba, Entamoeba histolytica, wadda ke shiga ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Takan ci bangon babban hanji, mutum ya riƙa tsuguno kaɗan-kaɗan da majina da jini, ga murɗa, abin yana tafiya a hankali har makonni. Wani lokaci ta bi jini ta sauka a hanta ta tara mugunya, mutum ya kama zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. A nan Flagyl ya cika magani. Amma ko a nan ba ƙwaya biyu ko huɗu ba ce. Sau uku ake sha a rana har kwana 5 zuwa 10, kuma bayan an gama akan bi shi da wani magani dabam, diloksanid ko paromomisin, domin Flagyl ba ya share ƙwan amibar da ke kwance cikin hanji. Wanda ya sha ƙwaya huɗu ya ji sauƙi ya daina, yana nan ɗauke da ita, yana kuma zuba ta a masai ɗaya da sauran mutanen gida.

Gane amiba kuwa ba a ido ake yi ba. A ɗakin gwaji, in aka kawo bayan gida da ɗuminsa aka shafa kaɗan a gilashi da ɗigon ruwan gishiri, mai duba madubin likita yakan gan ta tana tafiya a hankali, ta miƙo wani sashe na jikinta sannan sauran ya kwarara ya bi shi, ga jajayen ƙwayoyin jinin da ta haɗiye ana hangowa a cikinta. Wannan ita ce shaidar da babu ja a kanta. In samfurin ya yini a leda kafin a kawo, ta riga ta daina motsi, sai ƙwai kawai za a gani. Ƙwan kuwa yana da ruɗi, don akwai wata 'yar'uwarta, Entamoeba dispar, wadda ba ta cutarwa, kamarsu ɗaya sak a madubi, kuma ta fi mai cutarwar yawa nesa ba kusa ba. A 1993 masana suka tabbatar da cewa halittu biyu ne dabam, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da hakan a 1997. Ke nan ko takardar gwajin da aka rubuta an ga ƙwan amiba ba ta isa hujjar cewa ita ce ke sa yaro zawo ba. In mai madubi yana buƙatar wannan taka-tsantsan, ina ga uwar da ke ɗaki da tsakar dare?

Ta biyu jardiya. Ita a ƙaramin hanji take maƙalewa, ba ta kawo jini, sai kumburin ciki da gyatsa mai ɗoyi da bayan gida mai maiƙo da wari, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa har ya wuce mako biyu, yaro yana ramewa. Flagyl na kashe ta. Ta uku ita ce tirikomonas da aka ƙera maganin dominta, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin kamuwa miliyan 156 da ita a 2020. Tana sa mace fitar ruwa mai wari da ƙaiƙayi da zafin fitsari, namiji kuwa sau da yawa ba ya jin komai amma yana ɗauke da ita. Shi ya sa maganin mace ita kaɗai wahalar banza ce. Sai an haɗa da maigida, in kuma gidan mata biyu ne ko uku, da dukkansu a lokaci guda. Akwai kuma wata larurar mata da ke zuwa idan bakteriyar gaba suka rikice, masu gudun iska da wata mai suna Gardnerella suka rinjayi masu amfani, ita ma Flagyl ne maganinta. Sai dai ba duk abin da mata ke kira sanyi ne wannan ba. Farin ruwa mai kauri da gudaji da ƙaiƙayi mai tsanani yawanci na kandida ne, wani nau'in fumfuna, Flagyl ba ya taɓa shi, har yakan ƙara masa ƙarfi ta hanyar kashe bakteriyar da ke taka masa burki. Gonoriya da kilamidiya su ma ba ruwansu da shi.

Inda maganin nan ya fi daraja shi ne gadon asibiti, kuma nan ne nake so Malam ya tsaya ya duba da kyau. Babban hanjin kowane mutum cike yake da bakteriya masu gudun iska, su ne ma mafi rinjaye a can, kuma muddin suna cikin hanji amfani suke yi mana. Ranar da hanji ya ɓule suka zubo cikin ciki, a ranar suke zama ajali. Afendis da ya fashe, harbi ko sukan wuƙa a ciki, da taifot da ta huda hanji, wadda likitocin tiyata a asibitin Shika da sauran manyan asibitocin Arewa suka saba gani a jikin yara da matasa bayan zazzaɓi ya kai mako biyu zuwa uku, duk a nan ake rataya kwalbar Flagyl ta ƙarin ruwa tare da wani maganin da ke kashe masu rayuwa da iska. A lura, Flagyl ba ya kashe ƙwayar taifot ɗin kanta. Aikinsa shi ne tare 'yan hanjin da suka fito ta ramin da ta huda.

Haka mai jego da zazzaɓi ya rufe bayan doguwar naƙuda, jinin biƙi ya sauya wari, mara tana ciwo. Haka mai ciwon suga da gyambon ƙafarsa ya yi zurfi ya fara ɗoyi; ɗoyin nan sau da yawa alamar masu gudun iska ce. Haka haƙorin da ya tara mugunya har kumatu ya kumbura. Haka cutar sarƙe-haƙora, wato tetanus, da ƙwayarta ke tsira cikin raunin ƙusa ko cibiyar jaririn da aka yanke da ƙazamar reza; ana ba da metronidazol tare da allurar karya dafi da wanke raunin. Sai noma, cutar nan mai zaizaye baki da kumatun yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ta raunana. Daga kumburin dasashi da warin baki take farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda fuska. In an tare ta da wuri da amoksisilin da metronidazol da abinci mai gina jiki, ana tsayar da ita. Sakkwato na da asibiti guda na musamman dominta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Maganin da ke tsaye tsakanin yaro da rasa fuskarsa bai kamata a mayar da shi abin sha duk sanda ciki ya yi ƙugi ba.

To, gudawar damina fa, wadda saboda ita aka yi wancan kira? A yara 'yan ƙasa da shekara biyar, babban mai kawo gudawar ruwa mai tsanani shi ne rota, kuma bairas ne. Babu abin da Flagyl zai yi masa. Abin da ke tare shi rigakafi ne, wanda Najeriya ta shigar cikin rigakafin yara na yau da kullum a watan Agustan 2022, ana ɗiga shi a baki a mako na 6 da na 10 da na 14. Bayan rota sai bakteriya irin su E. coli, masu iya rayuwa da iska, waɗanda maganin ke wucewa ta kansu bai san suna nan ba. Zawon da iyayenmu mata ke dangantawa da fitar haƙori ma daga cikin waɗannan yake. Daidai lokacin da haƙori ke tsirowa ne yaro ke fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, an fara ba shi kunu da ruwan randa, kariyar da ya samo daga uwa kuma tana raguwa. Haƙorin bai jawo zawon ba, tare kawai suka zo, kuma kwalbar Flagyl ta yara da ake saya dominsa ba ta da aikin yi a cikin wannan ciki.

Ko gudawa mai jini, wadda mutane ke ɗauka ta Flagyl ce kai tsaye, a ƙananan yara shigela ce ta fi kawo ta, amiba ba ta cika kama su ba. Shigela kan zo farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, kuma jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce siprofloksasin za a fara ba wa yaro, ba za a koma ga metronidazol ba sai an ga amiba mai haɗiye jini a madubi, ko an gwada magungunan shigela sun gaza. Tsutsar ciki maganinta albendazol ko mebendazol. Tsargiya da yara ke ɗaukowa a wankan kududdufi da rafi maganinta firazikwantel. Zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma yakan zo wa yaro da amai da zawo, yana da nasa gwajin da nasa maganin. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da Flagyl ke kashewa. Akwai dai wata gudawar bakteriya da ya daɗe yana yi wa aiki, ta Clostridioides difficile, amma ita yawan shan magungunan kashe bakteriya ne ke buɗe mata ƙofa tun farko.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce kwalara. A 2021 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Najeriya ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,600 suka rasu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Kwalara ba ta jira. Zawo ne fari-fari mai launin ruwan wankin shinkafa, yana zuba babu ƙaƙƙautawa, ƙato majiyi ƙarfi da safe kan iya rasuwa kafin dare don ruwan jikinsa ya ƙare. Ƙwayarta tana rayuwa da iska, Flagyl ba ya yi mata komai. Ruwa ne ke ceto: ruwan gishiri da sukari ga mafi yawa, ƙarin ruwa ta jijiya ga wanda ya galabaita, sannan doksisaikilin ko azitromaisin in abin ya yi tsanani. In an yi haka da wuri, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Yanzu a ɗauka gida ya bi shawarar Malam. Zawo ya fara bayan magariba, aka ɗauko Flagyl aka ba da, hankali ya kwanta an sha magani, aka ce a jira a ga yadda zai kwana. Sa'o'in nan na jira su ne ran mutum. Babbar illar ajiye Flagyl a ɗaki ita ce wannan kwanciyar hankalin da ba ta da tushe.

Malam ya ce sun sha sun warke. Na yarda sun warke, amma hakan bai nuna maganin ne ya warkar da su ba. Gudawar ruwa mafi yawa tana tsayawa da kanta cikin kwana uku zuwa bakwai, an sha magani ko ba a sha ba, matuƙar ruwan jiki bai ƙare ba. Mutum kan sha ƙwaya a rana ta biyu, zawo ya tsaya a ta huɗu kamar yadda dama zai tsaya, yabo ya tafi ga ƙwayar. Yaran da aka ba Flagyl suka bushe suka rasu, ba a cewa maganin ya gaza, sai a ce kwana ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne, amma an umarce mu da neman magani, kuma neman magani ya haɗa da neman wanda ya dace da cutar.

Flagyl kuma ba ruwan sha ba ne da za a ce in bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Duk wanda ya taɓa shansa ya san ɗacin ƙarfe da yake bari a baki da tashin zuciyar da yake sawa. Ga babba wannan abin jurewa ne. Ga yaro mai zawo, wanda ceton ransa ke cikin ya ci gaba da kama nono da shan ruwa, maganin da zai sa shi amai ya ƙi abinci ya ƙara dagula lamari. Yana kashe bakteriyar hanji masu amfani a daidai lokacin da hanjin ke buƙatar su. Wanda ya daɗe yana sha yakan fara jin tafin ƙafa da yatsu suna mutuwa ko suna tsira, don yana taɓa jijiyoyi. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin in ya haɗa da shi yana iya zubar da jini.

Sai maganar gaba, wadda ta shafe mu duka. Akwai wata bakteriya, Helicobacter pylori, da ke zaune a tumbi tana jawo mafi yawan gyambon ciki. Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka gano ta, suka karɓi kyautar Nobel a 2005. Metronidazol na cikin magungunan da ake haɗawa uku ko huɗu a kashe ta. Bincike da dama a Najeriya sun nuna mafi yawan samfuran wannan ƙwaya da aka gwada ba sa jin sa kuma. Ba abin mamaki ba ne: tana zaune a cikin mutum shekara da shekaru, duk sanda ya sha ƙwaya biyu don zawo ita ma ta ɗanɗana kaɗan, bai isa ya kashe ta ba, masu taurin cikinta su tsira su hayayyafa. Babban binciken da Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki asara. Har yanzu mafi yawan bakteriyar hanji masu gudun iska suna jin metronidazol, alhamdu lillahi. Wannan abin tattali ne, domin ranar da suka daina ji, mai jego da yaron da taifot ta huda wa hanji su za su biya.

Hujjar Malam mafi ƙarfi ita ce halin talaka, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Ni ma na san yadda abin ke gudana a lungunanmu, a Kwarbai ne ko Kaura ko Limancin Kona. Maigida ya fita nema, uwa tana cikin gida, sai a aiki yaro kemis da kuɗi dunƙule a hannu: an ce a ba da maganin zawo na ɗari biyu. Mai kemis bai ga marar lafiyar ba, bai san shekarunsa ba, bai san ko akwai jini ko zazzaɓi ba. Ya ɗauki almakashi ya yanko Flagyl biyu, ya haɗa da kafso ja-da-yalo biyu, ya ƙulle a leda. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Maƙwabci ne, yana ba da bashi, yana buɗe har dare, kuma in ya ce a je a haɗa ruwan gishiri da sukari za a ce bai san aiki ba a wuce na gaba. Shi kafson nan tetarasaikilin ne, ba a ba wa yaro ɗan ƙasa da shekara 8 don yana ɓata haƙoran da ke tsirowa. Laifin kuma bai tsaya a kemis ba. Akwai ma'aikatan lafiya masu takarda da ke rubuta Flagyl ga duk mai zawo don su sallami layi, kuma a wurinsu jama'a suka koya.

Amma in don talaka ake magana, abin da ke ceton ɗansa shi ne ya fi komai araha. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da matsaya ɗaya a kan gudawar yara: garin ORS, wato na ruwan gishiri da sukari, da ake damawa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da ƙwayar zink, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jariri ɗan ƙasa da wata shida, a kuma ci gaba da nono da abinci. Zink na rage tsawon zawon, yana kuma rage dawowarsa a watannin da ke biye. In babu garin a kusa, leda biyu ta fiya-wata lita ɗaya ce. A zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, shafaffe ba tuli ba, da rabin cokalin na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali bayan kowane tsuguno. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Wannan ba ya buƙatar takardar likita, kuma kowane mai kemis yana da izinin sayar da shi.

Abin da ya kamata uwa ta sani bayan wannan shi ne lokacin fita. In idon yaro ya faɗa, ko maɗigar jariri ta lotsa, ko aka tsunkuli fatar cikinsa ta ƙi komawa da sauri, ko ya kasa kama nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko aka ga jini a kashinsa, ko zawon ya kai mako biyu, ba sauran jira. Cikin birni akwai Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau, akwai Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, akwai ƙananan asibitocin unguwanni. Babban mutum ma in zawon ruwa ya ɓalle masa ba ƙaƙƙautawa da damina, a fara ba shi ruwan nan tun a hanya. Maigida ya bar izinin fita da kuɗin mota tun kafin buƙata ta taso, don kada uwa ta zauna jiran dawowarsa yaro na bushewa.

Tushen abin kuma a ruwa yake. Gidajen cikin ganuwa a matse suke, rijiya da masai sau da yawa taku kaɗan ne tsakaninsu, da ruwan sama ya sauka kwatami ya cika sai abin da ke ɗaya ya tsiyaya cikin ɗayan. Amiba da jardiya da kwalara da taifot duk hanyarsu ɗaya, daga bayan gida zuwa baki. Alƙalamin da ya iya jan hankalin mata su sayi magani zai iya jan hankalinsu su tafasa ruwan sha, su rufe randa, su wanke hannu da sabulu bayan wanke wa yaro kashi, ya kuma matsa wa hukuma a kan famfon da ba ya kawo ruwa.

Malam, mutane suna karanta ka suna kuma aiki da abin da ka faɗa, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙonka ka sake rubutu kafin ruwa ya sauka sosai, ka ce wa iyayenmu mata abin ajiyewa a ɗaki shi ne ORS da zink, su kai jarirai rigakafin rota, Flagyl kuwa a bar shi sai ma'aikacin lafiya ya duba marar lafiya ya ce na shi ne. Masu kemis na cikin gari, in yaro ya zo da kuɗin maganin zawo, ku tambaye shi wa ke zawon, ko akwai jini, ku ba shi ORS da zink, ku ce ya gaya wa mamarsa in ido ya faɗa a tafi asibiti a daren.